Takarda ta farko ta ce bai fita ba, ta biyu ta ce ya fita

Atamfa da leshi nake sayarwa a Kejetia, gidanmu kuwa yana Aboabo. Ina da shekara 44 lokacin da abin ya same ni, a watan Agustan 2023. Ina cikin wanka na ji ƙulli a mamana na hagu, ta sama wajen hammata, girmansa kamar ƙwayar gurjiya, da tauri, ba ya motsi sosai, kuma ba ya ciwo ko kaɗan. Rashin ciwon nan shi ya cuce ni, don a wajenmu abin da bai hana ka barci ba ba a kai shi asibiti. Na biya wajen wani mai kemis, ya ce wataƙila maruru ne ke son fitowa, ya ba ni ƙwayoyi na mako guda. Na shanye, ƙulli yana nan. Sai wata safiya na ga ɗigon ruwa mai haɗe da jini a rigar mamana, daga kan nonon hagun kawai, ba tare da na matsa ba. Ranar ce na rufe shago da hantsi. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne takardun sakamakon gwajin sankarar mama guda biyu da aka ba ni a kan mama ɗaya. Rashin gane ta farkon ya ci mini mako bakwai da kuɗi masu yawa, kuma na tabbata ba ni kaɗai ba ce a zango da za ta riƙe irin wannan takarda ta karanta ta a baibai.

Na fara da wani ƙaramin asibiti a unguwarmu. Katina na inshorar lafiya ya ƙare ban sani ba, 'yata ce ta danna *929# a wayata ta sabunta da kuɗin MoMo, wato kuɗin da ake turawa ta waya, don haka ki duba naki tun kafin ki fita daga gida. Likitan ya duba maman duka biyu da hammata biyu da saman ƙashin wuya, ya tambaye ni shekarar da na fara al'ada, haihuwa nawa, na shayar ko ban shayar ba, ko akwai wadda ta taɓa yin ciwon mama ko na ƙwan mahaifa a danginmu. Ya rubuta mini hoto iri biyu, sikanin da mamogiram. A wani wurin ɗaukar hoto na kuɗi na yi su, daga aljihuna. Ranar mamogiram kada ki shafa hoda ko turaren hammata, saboda suna iya fitowa a hoton kamar wata cuta. Za a matse maman tsakanin faranti biyu, akwai zafi, amma na 'yan daƙiƙoƙi ne. A ƙasan takardar za ki ga an rubuta BI-RADS da lamba a gabansa. Lamba 1 ba a ga komai ba, 2 an ga abu amma ba mai cutarwa ba, 3 a dawo bayan wata shida a sake dubawa, 4 akwai tuhuma sai an ɗebi tsoka, 5 kuwa tuhumar ta yi ƙarfi ƙwarai. Tawa 4 ce. Ban da ƙullin, hoton ya nuna waɗansu fararen ɗige-ɗige kamar an barbaɗa garin alli, sun bi layi sun nufi kan nono. A lokacin ban ba su muhimmanci ba, ashe su ne za su yanke hukuncin irin tiyatar da za a yi mini.

Da takardar turawa muka nufi Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke Bantama, wanda kowa a Kumasi ke kira Gee. Muna idar da sallar asuba muka fita, amma mun tarar da mata sun riga mu, waɗansu sun kwana a mota daga Tamale da Wa da Bolgatanga. Ki tafi da katin inshora da Ghana Card da takardar turawa da hotunan kansu, ba rahoton kaɗai ba, don likitoci suna son su gani da idonsu. Watan Oktoba ne, watan wayar da kai a kan sankarar mama, sai wata nas ta tsaya gabanmu tana bayani da Twi. Ta ce a Ghana mata fiye da 4,000 ake samu da cutar duk shekara, fiye da 2,000 ke rasuwa, kuma babban dalili shi ne zuwa a makare. Na ji maganar, amma a zuciyata da wasu take, ba da ni ba. Bayan azahar aka kira ni, aka ba ni ranar ɗibar tsoka, wato bayofsi. Wannan ba tiyata ba ce. Ana yin allurar kashe zafi a wurin, a saka wata allura mai kauri ana kallo ta na'urar sikanin, sai ki ji ƙara kamar an taka busasshen kara. Sau huɗu na ji. Aka saka 'yan siraran tsokar a kwalba mai ruwan magani, 'yata ta kai ɗakin gwaji a ranar, muka biya, aka ba mu rasit mai lamba. Mako uku muka jira. A cikinsu na yi ta auna yadi ina kuskuren lissafi.

Sakamakon ya zo da haruffa huɗu, DCIS. Likitan ya zana mini a bayan takarda. Ya ce, "Hajiya, cikin mama akwai 'yan hanyoyi kamar bututu da ke kai ruwan nono zuwa kan nono. Ƙwayoyin da ke jikin bangon bututun nan sun lalace sun yi yawa, amma a abin da muka ɗiba ba su fasa bango sun fita ba. Muddin suna ciki ba sa iya tafiya wani wuri a jiki, shi ya sa ake kiransa mataki na sifili." Ya ce fararen ɗigon da aka gani a hoto alamarsa ce. Sannan ya ƙara magana biyu: dole ne a cire shi don yana iya fasa bangon, kuma tunda akwai ƙulli mai tauri da hannu ke ji, ba zai yi mamaki ba in aka sami wurin da ya riga ya fita idan an duba tsokar gaba ɗaya. Wallahi ya faɗi haka, 'yata shaida ce. Amma ni daga "bai fita ba" kunnena ya toshe. Da ya ambaci cire maman kuwa, sai na ji ɗakin yana juyawa.

Kafin magariba labarin ya zagaye dangi a kan cewa ba kansa (wato sankara) ba ce, tana dai shirin zama. Gwaggona ta zo har ɗaki ta ce, "'Yar nan, tunda Allah ya sa ba ita ba ce, me zai kai ki ga wuƙa? Duk wadda aka yanke wa mama a unguwar nan ba ta shekara." Ba ƙarya take yi ba a kan abin da ta gani, mata biyu ta lissafa, ni ma na san su. Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne dukansu sai da maman ya fashe ya zama gyambo suka je, cutar ta riga ta kai huhu da ƙashi. Aka haɗa ni da wani mai maganin gargajiya a bayan gari, ya ba ni jarkoki biyu na sha da wani ƙullin shafawa, ya ce cikin kwana arba'in zai narke. Kuɗin da na ba shi ya fi na sikanin da mamogiram da bayofsi a haɗe. Fatar wurin ta saɓule saboda shafe-shafen, ƙullin ya ƙara girma, ni kuma na daina ɗaga waya in na ga lambar 'yata, saboda na san abin da za ta ce.

Wata dattijuwa a makarantar Islamiyyarmu ta matan aure ce ta mayar da ni hanya. Ta lura na rame, ta ja ni gefe bayan an tashi, na gaya mata. Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta kai ni ɗakinta, ta rufe ƙofa, ta cire hijabi ta ɗaga riga. Tabo ne shafe a inda maman dama yake. Ta ce, "Shekara takwas ke nan, na aurar da 'ya'ya biyu bayansa, na je Makka. Ke ma tun yaushe muke zama tabarma ɗaya, kin taɓa sani?" Na yi kuka a ɗakin nan kamar yarinya. Da dare na gaya wa maigida na yanke shawara, ya ce, "Da ranki nake zaune, gobe ni zan kai ki."

Ƙarshen Disamba muka koma. Likitan bai yi mini faɗa ba, ya dai sake dubawa, kuma wannan karon ya ji kaluluwa a hammata. Na roƙe shi a cire ƙullin kawai a bar mini sauran, don na ji ana yin hakan. Ya ce ana yi, kuma ga wadda abin ya taru wuri guda yana da kyau daidai da cire duka in an bi shi da gashi, wato haska wurin da na'ura don kashe ragowar ƙwayoyin cutar. Amma ya nuna mini hoton: ɗige-ɗigen nan sun bazu fiye da santimita 5, mamana kuma ba babba ba ne. DCIS yana bin cikin bututu ne kamar ruwa, hannu ba ya jinsa, ido ba ya ganinsa a lokacin tiyata, in aka yanki tsakiya za a bar saura a gefe. Daga nan aka shiga shirye-shirye: gwajin jini, hoton ƙirji, awon zuciya, ganin likitan da ke sa barci, da kawo masu ba da jini, ƙannen maigida biyu suka bayar. Ni da kaina na sa hannu a takardar amincewa. A watan Janairun 2024 aka yi aikin, aka cire maman da kaluluwar hammata. Na farka da roba a gefena tana zubar da ruwa cikin wata 'yar gora, da ita na koma gida, ana auna abin da ya taru kullum, sai bayan kwana goma aka cire. Nas ta koya mini tsayawa gaban bango ina hawa da yatsu a hankali har hannu ya miƙe. Kada ki raina wannan motsa hannun, wadda ta bari kafaɗarta ta sandare tana shan wuya daga baya.

Mako huɗu bayan tiyata takarda ta biyu ta fito, shafi biyu cur. A nan ne na ga suna biyu: DCIS ɗin da na sani, da wani sabo, IDC, wato wanda ya fasa bangon bututu ya shiga naman mama. Girman wanda ya fita santimita 2.3, darajar muninsa 2 cikin 3, DCIS kuma ya kewaye shi ya miƙa gaba. Gefen abin da aka yanke duk tsaf yake. Cikin kaluluwa 11 da aka cire, 2 sun kamu. Na riƙe takardar hannuna yana rawa, tambaya biyu na cina: ɗakin gwajin farko ne ya yi kuskure, ko makon nan bakwai da na ɓata ne ya jawo? Likitan ya ce, "Hajiya, ke 'yar kasuwa ce. Mai sayen buhun masara yana soka ƙarfe ya ɗebi 'yan ƙwayoyi ya duba. Abin da ya fito gaskiya ne, amma bai ga cikin buhu duka ba. Allurarmu ta faɗa inda bai fita ba ne." A kan jinkirin kuwa bai rarrashe ni da ƙarya ba. Ya ce alamu sun nuna tun farko akwai wanda ya fita, tunda ƙullin yana nan tun Agusta, amma jinkiri bai taɓa taimakon mai wannan ciwo ba, kuma kaluluwar da ya ji a Disamba bai ji ta ba a Oktoba. Wannan maganar har yau tana zaune a ƙirjina.

Na zaci suna biyu yana nufin ciwo biyu, mutuwa ta ninku. Ba haka ba ne, kuma wannan ne abin da na fi so mace ta riƙe. Samun su tare abu ne da aka saba gani, ɗaya ne tushen ɗaya. Wajen ƙidaya mataki, ba a haɗa faɗin DCIS a lissafi, girman wanda ya fita ake aunawa, da yawan kaluluwar da ta kamu, da ko ya tafi wata gaɓa. Nawa ya faɗa mataki na 2, kuma a wannan mataki magani ake yi da niyyar warkewa. DCIS ɗin shi ya sa aka cire maman duka, IDC da kaluluwar nan biyu su suka sa dole in yi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar da ake sawa ta jijiya, da kuma gashi. Akwai kuma gwaji na uku da ake yi a kan tsokar da aka daskarar cikin kaki, mai kuɗinsa daban, mun jira shi mako biyu. Shi ke nuna ER da PR da HER2. Nawa ER da PR sun nuna akwai, HER2 babu, ma'ana ciwon yana cin abinci ne daga sinadarin jikin mace, kuma akwai ƙwayar da ke toshe masa baki. Wata baiwar Allah daga Wa da muke layi tare nata duka ukun babu, irin da aka ce ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa, ita kemo ce babban makaminta. Shi ya sa ba a kwatanta magani da na maƙwabciya. Ki adana lambar da ke kan takardar tsokarki, da ita ake nemo kakin in ana buƙatar wani gwaji.

Na fara kemo a watan Maris, daidai da kamawar azumi. Kafin nan an yi mini sikanin ciki da na zuciya, don ɗaya daga cikin magungunan kemo, wani jan ruwa, yana iya taɓa zuciya. Zagaye takwas ne, duk bayan mako uku, huɗu na farko da jan ruwan nan, huɗu na baya da wani daban. Kafin kowane zagaye sai an ɗebi jini, in ƙwayoyin garkuwa sun yi ƙasa a ɗaga, ni ma sau ɗaya aka ɗaga mini da mako guda, na koma gida da ɓacin rai, amma don kare ni aka yi. Jan maganin yana sa fitsari ya yi ja kwana ɗaya ko biyu, ba jini ba ne. Bayan mako biyu da 'yan kwanaki sumata ta fara bin matashi, na ce wa 'yata ta kawo reza. Ta ce, "Mma, bari in yi a hankali," tana yi tana share hawaye da bayan hannu. A kan azumi na tambayi malaminmu, ya ce Allah ya yi wa marar lafiya rangwame, in sha in rama in na samu sauƙi, kuma na rama. Kwana uku na farko bayan kowane zagaye koko marar yaji kawai ke zama a cikina, daga baya tuwo da miyar ayoyo. An hana ni ɗanyen ganyen bakin titi, aka ce in sayi ma'aunin zafin jiki, in ya kai 38 kada in tsaya shan wani magani a gida, in taho asibiti ko da tsakar dare ne. Magani na biyun bai sa ni amai sosai ba, amma yatsuna sun yi ta mutuwa, farcena ya yi baƙi, har yanzu ɗaukar allurar ɗinki yana ba ni wuya.

Batun kuɗi, inshorar ta ɗauke wani kaso mai yawa, amma hotuna da gwajin ER da HER2 da wasu magunguna da kuɗin mota ni na biya. Adashinmu na kasuwa aka ba ni kwasa biyu a jere ba lokacina ba, matan Islamiyya suka yi karo-karo, jarin shago ya ragu da kusan rabi. Ki riƙa tambaya a kowane teburi ko kati yana ɗaukar abin kafin ki zaro kuɗi, ki kuma tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya, ba abin kunya ba ne.

Gashi ya zo a Oktoba. Da farko an ɗauki hoton awo aka yi mini 'yan alamomi a fata da aka ce kada in goge. Zama 15 na yi, Litinin zuwa Juma'a, mako uku. Kwanciyar kanta 'yan mintoci ce, ba wuta ba zafi, sai daga baya fatar ta yi duhu ta yi ƙaiƙayi kamar ƙunar rana. Wuraren gashi a Ghana kaɗan ne, akwai Korle Bu a Accra, akwai namu na Kumasi, da wani na kuɗi a Accra, shi ya sa matan arewa ke barin gida su zo su tare a zango. Baiwar Allahn nan ta Wa a ɗakin 'yata ta zauna har ta gama nata. Yanzu ina shan tamoxifen, miligiram 20 kullum, na aƙalla shekara biyar. Yana kawo zufa da jin zafi ya taso daga ƙirji zuwa fuska, kuma an gargaɗe ni in na ga jinin da ba na al'ada ba in dawo da wuri, kada kuma in ɗauki ciki ina kansa.

Da zan koma Oktoban 2023, da ba zan bar ɗakin likita ba sai na maimaita masa abin da ya faɗa da bakina ya ce haka ne. Ki je da wanda zai rubuta, don tsoro yana cinye rabin magana. Ki tambaya: ya fita ko bai fita ba, allurar ta ga duka ko wani sashe, mene ne mataki na gaba kuma wace rana. In kin koma gida kada ki fassara DCIS da "ba kansa ba ce", don da wannan fassarar dangi za su yi miki hukunci, da ƙauna kuma za su yi shi, shi ya sa yake da wuyar ƙi. Ki ce an kama ta tun tana cikin bututu, kuma yanzu ne lokacin cire ta. Akwai wasu sauye-sauyen da ba su kai DCIS ba, kamar wanda ake rubutawa ADH, su sukan tsaya a cire ɗan wurin a ci gaba da sa ido, amma likita ne zai bambance, ba mai kemis ba. Ki ɗauki hoton kowace takarda a waya, ki yi kwafi, ki ajiye su a jaka ɗaya bi da bi.

Na koma shago. Da ragowar yadi da auduga na ɗinka wa kaina abin da nake sawa a gefen hagu, kuma na ɗinka wa mata uku da muka haɗu a layin kemo. Hannun hagun ba na ɗaukar dila da shi, in ya fara nauyi ko zobe ya matse ni na san in je a duba kumburi. Duk wata shida ina ganin likita, maman dama kuma ana masa mamogiram sau ɗaya a shekara. Ƙanwata ta cika 41 bana, ta daɗe tana ce mini "Yaya, ni tsoro nake ji." Ranar Talata mai zuwa za mu je tare, na riga na gaya mata kada ta shafa hoda.